Ƙwayar Rairayi da Ƙwayar Magani: Abin da Wani Tsohon Fim na Yara Ya Gane Game da Jinya

A yau zan ɗan kauce wa abin da muka saba, wato bayanin magunguna da ƙa'idojin shansu, domin in yi magana a kan wani fim na yara da ya haura shekara 40 da fitowa. Wani zai yi mamakin abin da ya haɗa mai harhaɗa magunguna a asibiti da tatsuniyar Turawa. Abin da ya haɗa mu shi ne tambayar da ta fi damun duk mai miƙa wa jama'a magani: me ke sa mutum ya karɓi maganin da zai cece shi, ya sha na 'yan makonni ko 'yan watanni, sannan ya ajiye? Tsada na cikin dalilai, nisan asibiti na ciki, illar magani ma na ciki. Amma akwai dalilin da ba a rubuta shi a kati, wato majinyaci ko mai jinyarsa ya daina ganin gobe a zuciyarsa.

Ra'ayina shi ne, kyakkyawan fata wani ɓangare ne na jinya, kuma ya kamata iyali su kula da shi kamar yadda suke kula da lokacin shan magani. Sai dai yana da iyaka, wanda ya ƙetare ta zai cutu. Fim ɗin da zan yi magana a kansa ya fayyace ɓangare na farko da kyau, amma ya yi sakaci da na biyu.

Labarin a taƙaice

Sunan fim ɗin The NeverEnding Story, wato labarin da ba ya ƙarewa. Ya fito a 1984 daga Jamus ta Yamma, Wolfgang Petersen ne ya ba da umarni, kuma an ɗauki mafi yawansa a ɗakunan shirya fim na Bavaria da ke kusa da birnin Munich, ko da yake da Turanci aka yi shi. An ciro shi daga littafin da Michael Ende ya wallafa a 1979. Ende, wanda aka haifa a 1929, ya tashi a Jamus ta zamanin Hitler, inda gwamnati ta hana mahaifinsa mai zane-zane sana'arsa, kuma yana yaro ya ga yadda yaƙi ke cinye birane. Ya san ma'anar duniya ta watse a gaban idon yaro.

Jarumin labarin wani yaro ne, Bastian, wanda mahaifiyarsa ta rasu. Mahaifinsa, da ke fama da nasa raɗaɗin, ya umarce shi ya daina mafarkin ido biyu, ya fuskanci karatunsa. Wata safiya wasu yara uku masu cin zali suka biyo shi, ya faɗa wani kantin littattafai, ya ɗauko wani littafi, ya ɓuya a ɗakin tara tarkace da ke saman makarantarsu ya shiga karatu.

Littafin yana ba da labarin wata ƙasa, Fantasiya, wadda wani abu da suke kira Babu yake cinye ta yanki-yanki. Duk inda ya bi ba a samun ko rami, ba a samun ko toka, sai dai a ce da akwai, yanzu babu. Sarauniyar ƙasar, mai siffar ƙaramar yarinya, tana kwance a Hasumiyar Hauren Giwa ba lafiya, kuma ciwonta da ɓacewar ƙasar abu ɗaya ne. A cikin littafin Ende, likitoci 500 aka tara mata, aka rasa mai gane cutar. Sai aka aiki wani yaro maharbi, Atreyu, ya nemo magani, aka ce ya ajiye makamansa ya tafi. A hanya dokinsa ya nutse a Fadamar Baƙin Ciki, wani farin dodo mai tashi sama, Falkor, ya cece shi, wasu tsofaffi biyu suka yi jinyar raunukansa. Daga ƙarshe ya gano cewa maganin Sarauniya sabon suna ne, kuma ɗan'adam ne kaɗai zai iya raɗa mata shi. Wannan ɗan'adam ɗin shi ne Bastian, mai karatun da ke zaton shi ɗan kallo ne kawai. Ya daɗe yana jan ƙafa, har ƙasar ta ruguje, kafin ya buɗe taga ya kwarara sunan. Abin da ya rage na Fantasiya a lokacin ƙwayar rairayi ce guda, wadda Sarauniya ta ɗora masa a tafin hannu, daga ita kuma aka sake gina komai.

Babu a tagar ɗakin magani

Tatsuniyoyinmu suna ƙarewa da ƙurunƙus. Cututtuka da yawa ma haka suke: zazzaɓin cizon sauro, idan aka sha maganinsa sau shida cikin kwana uku kamar yadda aka tsara, labarinsa ya ƙare. Amma sikila, da ciwon suga, da farfaɗiya, da asma, da cutar ƙanjamau, labarai ne marasa ƙurunƙus. Wasu kuma suna da ƙarshe amma yana da nisa: tarin fuka wata shida, kansar jini ta yara shekara biyu zuwa uku.

A nan ne Babu ke shigowa. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2003 ya nuna cewa ko a ƙasashen da suka ci gaba, kusan rabin masu doguwar cuta ne kawai ke shan magani yadda aka tsara musu, kuma lamarin ya fi muni a ƙasashe masu tasowa. Hukumar ta kuma bayyana cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu kansa suna warkewa a ƙasashe masu arziki, alhali a ƙasashe matalauta da yawa ba su kai kashi 30 ba, kuma barin magani a tsakiyar hanya na cikin manyan dalilai.

Mu ɗauki tarin fuka. Ana ba da maganinsa kyauta a cibiyoyin gwamnati a Najeriya, don haka kuɗin magani ba shi ne cikas ba. Wata biyu na farko ana shan magunguna huɗu, wata huɗu na gaba ana shan biyu. Masu barin magani kashi biyu ne. Akwai wanda ya ji sauƙi bayan 'yan makonni ya ɗauka ya warke. Akwai kuma wanda ya gaji: fitsarinsa ya koma ja-ja saboda rifamfisin, zuciyarsa na tashi, abokai sun guje shi, aiki ya tsaya, sai ya ce wa kansa ai duk ɗaya ne. Dukansu biyu suna iya wayar gari da tarin da ya bijire wa magani, wanda jinyarsa ta fi tsada, ta fi wahala, kuma suna iya harbin 'ya'yansu da shi.

A fim ɗin akwai wani baƙin kyarkeci, Gmork, mai yi wa Babu hidima. Shi ne ya bayyana wa Atreyu cewa Fantasiya an gina ta ne da mafarkan mutane da burinsu, Babu kuwa shi ne gurbin da ke saura idan suka yanke ƙauna, kuma wanda ya yanke ƙauna yana da sauƙin juyawa. Wannan magana ta ƙarshe duk ma'aikacin asibiti zai gaskata ta. Iyalin da suka fid da rai su ne suka fi faɗawa hannun mai tallar magani da lasifika, wanda gorarsa ɗaya ke warkar da cuta arba'in, ko hannun mai bidiyo a Facebook da TikTok da ke alƙawarin raba yaro da sikila cikin mako biyu. Su sayar da akuya, su ajiye maganin asibiti, bayan wata biyu a dawo da yaron a kafaɗa.

Dokin da ya nutse

Waɗanda suka kalli fim ɗin suna yara ba sa manta wurin da Artax, farin dokin Atreyu, ya tsaya cak a tsakiyar fadama. Ƙa'idar wurin ita ce duk wanda baƙin ciki ya rinjaye shi taɓo zai haɗiye shi. Yaron ya ja linzami, ya roƙa, ya yi tsawa, ya yi kuka, ya ce wa dokin ya yi ƙoƙari ko don shi. Dokin ya ci gaba da nutsewa har ya ɓace.

Mutane da yawa suna ɗaukar darasin a matsayin kira ga dauriya. Ni abin da nake gani daban ne: tsawa ba ta fitar da doki daga taɓo ba, duk da cewa mai yin ta yana ƙaunarsa. Ciwon damuwa cuta ce, kuma ya fi kama masu doguwar jinya fiye da sauran jama'a. A shekarar 2000, Robin DiMatteo da abokan aikinta a Amurka sun tattara binciken da aka yi a baya, suka gano cewa majinyaci mai ciwon damuwa ya ninka waninsa sau uku wajen yiwuwar ƙin bin ƙa'idar magani. Saboda haka matashin da ke da ciwon suga ya daina yi wa kansa allurar insulin, ya daina wanka, ya daina fita, yana kwana ido biyu, ba lallai taurin kai ke damunsa ba. A ce masa ya yi haƙuri, ko a zarge shi da raunin imani, daidai yake da jan linzami. Abin da yake bukata likita ne. Akwai magungunan damuwa, amma sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu ko fiye kafin a fara ganin aikinsu, kuma ba a yanke su farat ɗaya. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, da sassan kula da wannan fanni a asibitocin koyarwa. Idan majinyaci ya fara ambaton mutuwa ko kashe kansa, a ɗauki maganar da gaske, a kawar da magunguna daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti a ranar.

Shi kansa Atreyu da ya kusa nutsewa, ba dauriyarsa ta fid da shi ba, Falkor ne ya zo daga sama ya ɗauke shi. Mai nutsewa yana bukatar wanda ke tsaye a tudu.

Akwai wasu biyu a fim ɗin da suka cancanci ambato. Ta farko Morla, tsohuwar kunkuru mai girman tsauni, wadda ta san abubuwa da yawa amma tsufa da kaɗaici sun sa ba ta damu da ko duniya ta tashi ba. Ita gargaɗi ce ga mu ma'aikatan lafiya: ilimin da ba ya tare da kulawa yana sanyaya gwiwar mai tambaya, kuma amsa ɗaya da aka jefo ta taga ba tare da ɗago kai ba tana iya zama sanadin da uwa ba za ta dawo ba. Na biyu wani ƙato ne mai cin duwatsu, wanda Atreyu ya tarar zaune yana kallon manyan hannuwansa, yana mamakin yadda suka kasa riƙe abokansa da Babu ya fizge. Wannan shi ne uban da ya kashe duk abin da ya mallaka, da uwar da ta yi wata uku tana kwana a tabarma a gefen gado, suna tuhumar kansu a kan abin da ya fi ƙarfinsu. Masu jinya ma suna nutsewa, kuma ba kasafai ake tambayarsu yaya suke ba. Dangi su karɓe su ko na kwana ɗaya a mako, domin idan mai ba da magani ya faɗi, magani ya tsaya.

Maganin da ya zama suna

Mu da muke tara jama'a ran bakwai domin raɗa wa jariri suna ba mu bukatar a yi mana dogon bayani a kan nauyin suna. Abin da aka raɗa wa suna ya shigo cikin mutane, ana iya kiransa, ana iya magana a kansa. Amma idan aka zo kan cuta sai mu yi akasin haka. Sai a ce "ciwon nan", ko "lalurarsa", ko a rage murya idan yaron ya shigo. Akwai 'yan shekara 12 da suka shafe rayuwarsu suna shan magani kowace safiya ba su san na mene ne ba.

Iyaye suna yin haka ne don tausayi, amma yaro ba ya zama da gurbi a kansa. Idan ba a gaya masa ba zai ƙaga nasa bayanin, kuma abin da zai ƙaga yakan fi gaskiyar ban tsoro: ko laifi ya yi ake hukunta shi, ko mutuwa zai yi gobe, ko shi ne ya jawo wa gidansu talauci. Ƙarfin tunanin yaro wuƙa ce mai kaifi biyu, yana gina Fantasiya, yana kuma gina Gmork. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2011, ta ba da shawarar a sanar da yaran da suka kai shekarun makaranta cewa suna ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, ƙanana kuma a riƙa yi musu bayani kaɗan-kaɗan gwargwadon fahimtarsu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ya fi kyau yaro ya ji daga bakin mahaifiyarsa da likitansa da ya tsinci maganar a bakin abokan wasa.

Wani abin lura shi ne, duk wahalar da Atreyu ya sha ba ta warkar da Sarauniya ba, sai da ɗan kallo ya yarda cewa shi ma yana cikin labarin. Likita zai rubuta, mu za mu ƙirga mu zuba a leda, amma sa'o'in da majinyaci ke yi a asibiti cikin shekara 'yan kaɗan ne, sauran duk a gida yake yin su. Yaron da ya san sunan cutarsa da aikin kowane magani yakan zama mai tuna wa uwarsa lokaci. Wanda aka bari a duhu kuwa, ranar da ya girma ya fara yi wa kansa hukunci, abu na farko da yake jefarwa shi ne maganin da ba a taɓa gaya masa dalilinsa ba.

Tatsuniya a gefen gado

Mahaifin Bastian yana wakiltar manya da yawa da ke ganin labari ɓata lokaci ne ga yaron da ke cikin matsala. Bincike bai goyi bayansu ba. A 2021 mujallar kimiyya ta PNAS ta wallafa wani aiki da Guilherme Brockington da abokansa suka yi a wani asibiti a birnin Sao Paulo na Burazil, a kan yara 81 da ke kwance a sashen kulawa ta musamman. An raba su gida biyu: wasu aka karanta musu labarai na kimanin rabin awa, wasu aka yi musu kacici-kacici na tsawon wannan lokacin. Aka auna yawunsu kafin da bayan zaman. A duka rukunonin biyu sinadarin kotizol, mai hawa idan jiki na cikin tashin hankali, ya sauka, sinadarin oksitosin mai alaƙa da natsuwa da shaƙuwa ya hau, kuma yaran sun ce zafin ciwo ya ragu. Amma canjin da aka gani a wurin masu sauraron labari ya kusa ninka na masu kacici-kacici.

Haka kuma an daɗe da tabbatar da cewa ɗauke hankalin yaro yana rage masa zafin allura da tsoronta. A jami'ar Washington da ke Seattle, Hunter Hoffman da David Patterson sun ƙera wata duniyar ƙanƙara ta kwamfuta da masu ƙuna ke shiga ta tabarau na musamman yayin da ake wanke musu rauni, kuma majinyatan sun ba da rahoton raguwar zafi. Dalilin a fili yake: hankalin ɗan'adam yana da iyakar abin da zai ɗauka a lokaci guda, idan labari ya cika shi, rabon da ciwo zai samu yana raguwa.

Ba sai da tabarau mai tsada ba. Kakar da ta iya Gizo da Ƙoƙi tana da abin da ake bukata. Tatsuniya da kacici-kacici, abubuwan nan biyu da aka auna a Burazil, gadonmu ne na dandali da ɗakin tsohuwa. Abin takaici shi ne a ɗakunan yara na asibitocinmu mun bar su, yaro na kwance yana kallon rufi, manya na gefe kowa da wayarsa.

Inda na saɓa da fim ɗin

A ƙarshen fim, Bastian ya yi ta buri, komai ya dawo: ƙasa ta dawo, dokin da ya nutse ya dawo yana sukuwa, har ya hau Falkor ya kori yaran da suka zalunce shi. Abin sha'awa ne a allo, amma a ɗakin jinya buri ba ya aiki haka, kuma duk wanda ya gaya wa majinyaci cewa ƙarfin zuciya kaɗai zai warkar da shi ya cuce shi sau biyu. Ya ba shi dalilin barin magani, sannan idan ciwo ya ci gaba ya ɗora masa laifin rashin ƙoƙari.

Wani bincike da aka yi a Boston, wanda mujallar New England Journal of Medicine ta wallafa a 2011, ya fito da iyakar a fili. An gwada abubuwa huɗu a kan masu asma: abin shaƙa mai ɗauke da salbutamol na gaske, abin shaƙa marar magani a ciki, allurar Sin ta bogi, da zama ba a yi komai ba. Da aka tambayi majinyatan yadda suka ji, sauƙin da suka ambata bayan maganin gaske da bayan na bogi guda biyun ya yi kusan daidai. Da aka auna iskar huhunsu da na'ura kuwa, maganin gaske ya ƙara ta da kimanin kashi 20 cikin 100, sauran ukun kimanin kashi 7 kacal. Ma'ana, zuciya ta ce an samu sauƙi, huhu bai buɗe ba. Ga mai asma wannan tazarar tana iya zama tazarar rai da mutuwa. Haka yake ga hawan jini, da suga, da ƙwayar cutar ƙanjamau: jin daɗin jiki ba shi ne ma'auni ba, gwaji ne ma'auni.

Abin mamaki, Michael Ende ya san wannan. Fim ɗin ya tsaya ne a kusan rabin littafinsa. A rabi na biyu Bastian ya shiga Fantasiya da kansa, kuma duk burin da ya cika masa sai ya rasa wani abu daga tunawarsa da duniyar gaske, har ya manta sunansa da mahaifinsa. Cetonsa shi ne ya komo gida da abin da ya samo, ya gyara tsakaninsa da uban. Ende bai ji daɗin fim ɗin ba, har ya kai ƙara kotu bai yi nasara ba, sai dai an cire sunansa daga rubutun farkon fim. A idon mai harhaɗa magani, abin da masu fim suka yi shi ne sun miƙa kwalba sun jefar da takardar da ke bayanin illolinta. Tun ƙarni na 16 likita Paracelsus ya koyar da cewa yawan abu ko ƙarancinsa shi ke raba magani da guba. Tunanin da ke mayar da yaro kan maganinsa da sabon ƙarfi alheri ne. Wanda ke sa iyali su yi kamar cutar ba ta nan guba ne, komai daɗinsa.

Akwai kuma yanayin da warkewa ba ta cikin abin da likitoci ke hange. A nan ma fata bai ƙare ba, abin da ake fata ne ya canja: dare ba zafi, komawa gida cikin dangi, ganin Sallah mai zuwa. Maganin rage raɗaɗi haƙƙin majinyaci ne, a nema masa shi ba tare da jin kunya ba.

Abin da iyali za su iya yi

A ware rabin awa a rana domin labari, a gida ko a asibiti, a kuma bar yaron ya sa baki, ya canja ƙarshe, ya raɗa wa jarumi suna. Lokacin allura ko wankin rauni a fara labarin kafin a fara aikin.

Kada a yi wa yaro ƙarya cewa allura ba zafi. A ce masa akwai zafi kaɗan kuma zai wuce kafin a ƙirga goma. Kada kuma a mayar da allura ko likita abin razana yaro idan ya yi ƙiriniya, domin ranar da zai bukace su za ku tarar kun gina masa dodo da hannunku.

Ana iya cewa magani sojoji ne masu taimakon jini, amma kada a ce masa alewa ne. Yaron da ya yarda alewa ne zai neme shi a bayan idonku ya shanye. A ajiye magani a inda hannunsa ba ya kai, a auna na ruwa da sirinji ko ƙoƙon da ya zo da shi, a bar cokalin kicin. Kada a daka ƙwaya ko a fasa kafso sai an tambayi mai ba da magani, domin wasu an yi su ne su narke a hankali.

A sa doguwar jinya ta zama abin gani da ido. Kalanda a bango da yaro zai riƙa yi wa alama kowace rana tana mayar da wata shida tafiya mai zango-zango. A kuma tambaye mu yaushe ya kamata a fara ganin aikin magani: haidiroksiyuriya da ake ba masu sikila, alal misali, yakan ɗauki watanni kafin amfaninsa ya bayyana, kuma wanda bai san haka ba zai ajiye shi a mako na uku yana cewa ba ya aiki.

Idan kuɗi ne ya ƙare ko illar magani ta yi yawa, a zo a faɗa kafin a daina. Sau da yawa akwai makwafinsa mai rahusa, ko a canja lokacin sha, ko a haɗa da abinci.

Wanda ke son kallon fim ɗin da 'ya'yansa ya fara kallonsa shi kaɗai. Mutuwar dokin da siffar kyarkecin suna tsorata ƙananan yara, akwai kuma wasu gumaka masu siffar mata marasa sutura a ƙirji da wasu iyaye za su so su tsallake. Yaron da bai daɗe da rashin wani nasa ba kada a bar shi ya kalla shi kaɗai, a zauna da shi, a saurari tambayoyinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a fim ɗin shi ne ƙanƙantar abin da Sarauniya ta miƙa wa Bastian. Daula guda ta ruguje, aka ce a fara da ƙwayar rairayi ɗaya. Mai doguwar jinya ba a nemansa da ya ɗauki shekara biyu a kansa yau. Ana nemansa da ƙwayar magani ta wannan safiya, sannan ta gobe idan goben ta zo. Aikinmu a ɗakin magani mu tabbatar ƙwayar mai kyau ce kuma daidai take da nauyinsa da cutarsa. Aikinku a gida ku tabbatar yana da dalilin miƙa hannu ya karɓa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.